Kaskon Gishiri a Kusurwar Akwatin Taba

Ku 'yan acaɓan da kuke zama a bencin gaban rumfata kuna jiran fasinja, na ji abin da kuke faɗa. Wai Isiyaku ya samu sana'ar hutu, ya zuba ganye a akwati, ya rufe, ya zauna yana gyangyaɗi. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauka lokacin da nake kamar ku. A aji huɗu na bar makaranta, saboda haka ku yi haƙuri da rubutun. Abin da na sani zan faɗa, in na gama na gama.

Bara da rani wani direba ya tsayar da baƙar mota a bakin tasha, ya fito rungume da wani ɗan akwati kamar ya ɗauko jariri. Akwatin yana ta ƙyalli, a jikin murfinsa akwai wani abu kamar agogo mai hannu ɗaya, mai auna laimar ciki. A ciki taba ce irin ta manyan mutane, naɗaɗɗiya, ganye zalla babu takarda, kowace ɗaya kaurin babban yatsana. Maigidansa harkar zinariya yake yi, ya sayo su daga waje.

Ya ce, "Baba, an ce kai ne likitan taba. Oga ya sayo akwatin nan sabo fil, ya zuba su, sati biyu duk sun fara tsagewa. Ya ce ni na bar su a rana. Aikina yake so ya karɓe."

Na jiƙa yatsa na taɓa katakon ciki. Kafin in ɗaga kai, wurin ya bushe.

Na ce, "Ba kai ba ne. Akwatin ne ya sha."

"Akwati yana shan taba?"

"Ruwan jikinta yake sha. Sabo ne, ƙishi yake ji. Ka kwashe su ka ƙulle a leda. Ka goge cikinsa da tsumma mai laima, ka sa ruwa a ɗan kofi, ka rufe shi babu komai a ciki. Kwana goma. Kar ka riƙa buɗewa kana leƙe."

"Oga ranar Juma'a yake so."

"To ka gaya wa oga katako bai san Juma'a ba."

Wannan ilimin ban same shi a banza ba. Da tabar wata tsohuwa na koye shi, kuma zan zo kanta. Bari in fara gaya muku mene ne aikin.

Ni ba manomin taba ba ne. Manomi ya dasa a ƙarshen damina, ya tsinke ganye, ya rataye a inuwa har ya yi ja. Daga nan nasa ya ƙare, nawa ya fara. Lokacin da kowa ya kawo kasuwa, ganye arha yake kamar ciyawa. Wanda ya iya riƙe shi wata huɗu, ya ƙetare zafin bazara da shi bai dagargaje ba, bai yi funfuna ba, shi ne zai sayar da daraja gab da saukar ruwa. Wannan riƙon shi ne sana'ata. Nakan sayi nawa in ajiye, wasu kuma su kawo nasu ajiya, in an sayar su ba ni ladana.

Ganyen taba ba ya son bushewa, ba ya son jiƙewa. Wurin da yake so ɗan ƙanƙani ne a tsakani. Ka dunƙule ganye ɗaya a tafin hannunka ka sake. In ya yi ƙaras ya karye, ƙishi yake ji. In ya zauna a dunƙule kamar tsumma, ruwa ya yi masa yawa, nan da kwana uku za ka ga farin funfuna. In ya buɗe a hankali kamar mutum yana miƙa bayan barci, shi ke nan. Ba ni da agogo a jikin murfi. Hannuna ne agogon.

Masu saye kala-kala ne. Akwai tsofaffi masu lofe, akwai mata masu daka taba gari da kanwa. Akwai manoma da ke sa ganyen a rumbu don ƙwari. Mafi yawan kayana kuwa Fulani ke kwasa, su jiƙa su wanke wa shanu kaska, su zuba a gyambon da ya yi tsutsa. Bafulatani ba ya fara tambayar farashi. Zai ɗauki ganye ya shinshina, ya naɗa a yatsa, in ya tsage ya ajiye maka abinka ya wuce ko sallama babu. Ni ban taɓa kai ta baki ba. Taba tana cutarwa, na ji tarin masu sha da kunnena. Amma a nan Allah Ya ajiye abincina, kuma na gode.

A Kakangi na koya, wurin Baba Tanko, maƙwabcin mahaifina. Na riga na yi aure lokacin, gonarmu ba ta ciyar da gida biyu. Shekara uku bai bar ni na rufe akwati da hannuna ba. Ɗauko, ajiye, ware manyan ganye daga ƙanana, shi ke nan. Da sanyin safiya ake aikin, kafin rana ta ɗaga, lokacin ganye yana da laushi. Baba Tanko ba mai magana ba ne. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya karɓe ganyen daga hannunka ya yi da kansa.

Akwatinsa na maɗaci ne, mahaifinsa ya sare itacen a dajin nan namu tun ana shiga daji ba tsoro. Mutum biyu za su kwanta a ciki. Cikinsa ya yi baƙi don tsufa. Maɗaci ake so saboda ɗacinsa ƙwaro ba ya zama. Itacen maje yana da ƙaro, warinsa zai kama ganye. An bi bakin murfin da tsohuwar fatar akuya don kar iska ta shiga. A kusurwar hagu kuma akwai wani ɗan kasko, bai fi tafin hannu ba, cike da gishiri mai laima kamar jiƙaƙƙen yashi. Kullum da safe Baba Tanko zai dangwala yatsa a ciki. In ya ji ya fara bushewa ya ɗiga ruwa.

Abin da ya taɓa gaya min a kai ɗaya ne: "Kar ka bari ya bushe, kar ka bari ya zama ruwa."

Ban tambaya ba. Baba Tanko mutumin da ne, akwai layu a saman ƙofarsa, akwai wani ƙaho a soke a jinka. Sai na haɗa gishirin da su, na ce duk maganin baki ne da sammu. Da ya rasu ya bar min rumfar, na kwance layun, na cire ƙahon. Gishirin ne na ji kunyar zubarwa. Shekara goma sha wani abu na yi ina ɗiga masa ruwa, a raina ina cewa girmama mamaci nake yi.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu. Ba zan ba da labarin ba, kun sani, wasunku ma daga can kuke. Mun fito da safe da abin da ke jikinmu. Akwati ba ya ɗaukuwa. Daga baya aka ce an cinna wa layin rumfunanmu wuta, har da shi. Muka sauka a Birnin Gwari wurin yayan matata, ya ba mu ɗaki ɗaya da zaure.

Bayan sati biyu Iya Ladi ta same ni. Bagwariya ce, Kirista, maginiyar tukwane, tana kuma noma taba a bayan gidanta. Tun zamanin Baba Tanko take kawo ajiya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun watse neman abinci. Da aka gudu ta bar tukwane, ta bar hatsi, ta ɗauko taba, don ita ce marar nauyi mai daraja. Dami goma sha ɗaya a buhu biyu, ɗaya a kafaɗarta yadda matansu ke ɗaukar kaya, ɗaya ta roƙi wani mai amalanke. A makarantar firamare aka sauke su, ita da mata da yawa a aji ɗaya.

Ta ajiye buhunan a zaure ta ce, "Isiyaku, ka ga wannan? Ita ce gonata, ita ce ɗakina. Wani a hanyar Kuyello ya yarda zai ba ni hayar fili da ɗan ɗaki in na kawo kuɗi kafin ruwa ya sauka. In tabar nan ta kai, na fita daga makaranta. In ba ta kai ba, a ajin nan zan sake shekara, a kan siminti, da gwiwar nan tawa."

Na ce, "Iya, ba ni da akwati."

"Ka sa a yi wani. Hannun Tanko yana wurinka."

Kafintan da na samu yana da katakon maɗaci da ya shekara biyu a kan rufin shagonsa, don ba mai shiga daji ya saro sabo. Ya bushe ƙarau, in ka ƙwanƙwasa sai ya yi ƙara kamar ganga. Na yi murna, na ce ba zai lanƙwashe ba. Yayan matata ya taimaka, kwana huɗu aka gama. Na bi bakin murfin da fata yadda na gani. Ranar da aka kawo shi, yana warin zarto, ranar na jera dami goma sha ɗaya a ciki. Na tuna da gishiri. Na tsaya na yi tunani, na ce sabuwar rayuwa ce, ba zan shigo da camfi cikinta ba. Na rufe.

Kwana biyar na buɗe. Na ɗora hannu a ganyen sama, ya yi ƙaras. Waɗanda ke jingine da bangon akwatin kuwa ko taɓawa ba sa so, sai su zube kamar garin kuka. Na yi abin da mai tsoro yake yi. Na cika kwano da ruwa na sa a tsakiya, na tsoma tsintsiya na yayyafa wa ganyen, na rufe. Bayan sati na sake buɗewa. Gefe yana nan a bushe, tsakiya ta yi fari da funfuna. Cuta biyu a akwati ɗaya. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba.

Kwana uku ina kauce wa hanyar makaranta. Rana ta huɗu matata Hauwa ta ajiye min koko ta tsaya a kaina.

"Malam, kayanta ne. Ka je ka gaya mata tun da sauran abin gaya mata."

Na je. Na same ta a gindin dalbejiya tana tsince wake. Na tsuguna na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta miƙa wa wata mata faifan, ta ɗauki sandarta, ta ce, "Mu je."

A zaure ta buɗe murfin. Na ɗauka tabar za ta fara dubawa. Bangon akwatin ta shafa. Ta lashi yatsa ta dangwala a katako, muna kallo wurin ya ɓace.

"Ka shayar da shi?"

"Wa, Iya?"

"Akwatin. In na gasa sabuwar tukunya, ranar ake zuba mata miya? Ai sai ta sha ruwa ta ƙoshi tukun. Ka ɗauki tabata ka ba katako ya yi buɗa-baki da ita."

Kowa ya san wannan a kan tukunya. Ni ma na sani. Amma a rayuwata ban taɓa riƙe sabon akwati ba. Na Baba Tanko ya sha ya ƙoshi tun ba a haife ni ba, shi ya sa ban san akwati yana sha ba.

Ta leƙa kusurwar hagu, ta leƙa ta dama. "Ina kaskon gishiri?"

"Iya, wannan ai camfin mutanen da ne."

Ta dube ni. Sai ta fara dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, Hauwa ta kawo mata ruwa.

"Ni na gina wa Tanko kaskon nan, da tsohon ya fashe. Ni ina zuwa coci, shi yana zuwa masallaci, wane tsafi muka haɗa? Hauwa, gishirinki da damina yaya yake?"

Hauwa ta ce, "Jiƙewa yake yi."

"Da rani fa?"

"Ya bushe ya dunƙule."

"To ka ji. In iska ta yi ruwa, gishiri ya sha. In ta bushe, ya ba ta. Ruwa zalla ba shi da hankali, bayarwa kawai ya sani, ga abin da ya yi maka nan a tsakiya. Gishiri mai laima ya san inda zai tsaya."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Tanko."

"Ni bai taɓa gaya min ba."

"Ni na tambaye shi. Shekara nawa ka yi a gindinsa?"

"Tara."

"Shekara tara da baki a jikinka." Ta ɗaure zaninta. "Kwaso su. Dariya ba za ta biya min hayar gona ba."

Ranar muka zauna mu uku muka bi dami goma sha ɗaya ganye-ganye. Wanda funfuna ya ci aka ware shi nesa, don yana yaɗuwa. Wanda ya zama gari aka share. Da muka gama, dami uku sun tafi. Saura takwas, wasu da laima, mafi yawa a bushe, kuma babu inda za a sa su, tunda akwatin sai ya sha.

Iya Ladi ce ta ce a nemo tsofaffin randuna. Randar da ta shekara tana riƙe ruwa, jikinta ya ƙoshi, ba za ta ƙwaci na ganye ba, a hankali ma za ta ba shi. Ita baƙuwa, Hauwa baƙuwa, suka bi gidajen unguwa suna sallama. A bazara, lokacin da kowa ke ji da randarsa. Gida shida suka ba mu. Wata Hajiya ta ce, "Taba a randata? Maigida ya sha ruwa ya ji wari, ku za ku yi masa bayani?" Sun juya za su fita ta kira su, ta ba su wata mai tsaga a baki da ke bayan ɗaki, ta ce ba sai an dawo da ita ba.

Muka zubar da ruwan, muka bar su rabin yini su tsane. Muka shimfiɗa kara a gindi don kar ganye ya taɓa ƙasa, muka jera busassun a hankali, muka rufe da faifai da zani. Masu laima muka baza a inuwar zaure. Akwatin kuwa na kankare cikinsa, na kai shi rana yini ɗaya saboda funfuna, sannan na goge da tsumma mai laima, na sa kwanon ruwa, na rufe shi babu komai. Kwana goma sha biyu. Kwana ukun farko kullum sai na ƙara ruwa, kamar akwai mai shanyewa. Daga baya ruwan ya daina raguwa. Na dangwala jiƙaƙƙen yatsa, alamar ta zauna.

A cikin kwanakin nan Iya Ladi ta bi rafin bayan gari da sandarta har ta samo yumɓu mai kyau. Ta gina kasko a tsakar gidan yayan matata, ta gasa da kara da kashin shanu. Na ce ga gwangwani, me zai hana a sa a ciki. Ta ce gishiri yana cin ƙarfe, tsatsa kuma tana da wari. Wannan karon duk abin da ta yi sai na tambaya, har ta ce na ishe ta.

Dami takwas suka koma akwati da kaskon gishiri a kusurwar hagu. Wata biyu ina buɗewa sau ɗaya da safe, in dangwala yatsa, in dunƙule ganye ɗaya, in rufe. Da hadari ya fara haɗuwa Fulani suka fara dawowa da shanu, kaska ta taso, masu saye daga Gayam suka zo. Wani dattijon Bafulatani ya ɗauki ganye ya naɗa a yatsa. Bai tsage ba. Ya zauna a benci ya tambayi farashi.

Takwas ba goma sha ɗaya ba ce. Filin da ta samu rabin wanda ta yi niyya ne. Amma ɗakin ta same shi, kuma matan da suka ba mu aron randa sun ga kaskon, suka fara cewa ta gina musu tukwane. Kafin ruwa ya zauna ta bar ajin nan.

Abin da ba zan manta ba shi ne wannan. A garin nan ni baƙo ne, ba wanda ya san hannuna. Da ta buɗe baki sau ɗaya a kasuwa ta ce Isiyaku ya lalata mata kaya, da yanzu dako nake yi a tasha. Ranar da ake ɗaure damin, wata 'yar garinmu da ta san adadin ta ce, "Iya, ba goma sha ɗaya kika fito da su ba?"

Ta ce, "Uku na sa Isiyaku a makaranta da su."

Matar ba ta gane ba. Har yau Iya Ladi tana nan a hanyar Kuyello, duk shekara tana aiko da ganye. Allah Ya saka mata, Ya ji ƙan Baba Tanko, Ya saka wa matan da suka sha ruwan zafi a bazara saboda tabar da ba tasu ba.

Direban nan ya dawo bayan sati biyu, ya ce hannun agogon ya tsaya wuri ɗaya, aikinsa ma ya tsira. Yana tsaye na buɗe akwatina, ya hango kaskon ya ce, "Baba, wannan kuma na mene ne?" Na zaunar da shi na gaya masa duka.

Kaskon yana nan a kusurwar hagu, da sawun babban yatsanta a gindinsa. Kullum da safe kuna ganina ina ɗiga masa ruwa. Na ji ɗayanku yana gaya wa ɗan'uwansa wai asirin kasuwa ne. Direba sau biyu ya zo nan, ya tambaya. Ku shekara nawa kuna zama a bencin nan, har yau ba wanda ya buɗe baki.